KARA BA TA CI SAI DA BURTALI: Maganar Rezo da Hanyar da ke Bayan Ƙarfe

 

A wannan karo muna so mu taɓo wata magana wadda kullum ake yin ta a bakin kara da gindin shayi, amma ba a cika zama a bi diddiginta ba, wato maganar rezo, abin da 'yan'uwanmu na tsallaken Nijeriya suke kira sabis. Duk wanda ya zauna da mu a nan Milezi, gefen kogin Shari, maƙwabtan Farsha inda babbar mahauta da ma'aikatar binciken ciwon dabbobi suke tun kafin ƙasar Cadi ta sami 'yancin kai a 1960, ya san yadda abin yake. Falke zai fito da salularsa, ya ga alamar rezo ta cika taf, ya buga wa yaronsa da ya tura kasuwar Musoro ko Durbali, ya yi ta bugawa har rana ta take, magana ba ta shiga ba. In ma ta shiga, sai ka ji ana "alo, alo", ba a kai ga faɗin kuɗin bijimi ba ta yanke. Shi yaron kuma in ya dawo sai ya rantse cewa yana tsaye ne a gindin ƙarfen waya, tasa alamar ma a cike take. To, ina maganar ta maƙale?

Haƙiƙa amsar wannan tambaya ita ce dalilin wannan rubutu, domin kuwa mun daɗe muna roƙon abin da bai isa ba. Kullum aka yi taro da hukuma, kukanmu ɗaya ne: a kafa mana ƙarfe. Ana kafawa sai mu yi guɗa, mu yanka rago, bayan wata biyu mu koma gidan jiya. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za mu daina tsayawa a kan ƙarfe kaɗai, mu fara tambayar hanyar da ke bayansa.

MECE CE WANNAN HANYA?

Babu wanda ya kai makiyayi sanin cewa kara ba ta ci sai da burtali. A kewaye fili, a kafa turaku, a gina rumfar mai karɓar haraji, in an toshe labin da shanu za su biyo, ko murhal kamar yadda 'yan'uwanmu Larabawa suke cewa, to an yi aikin banza. Haka ƙarfen waya yake. Aikinsa shi ne ya karɓi magana daga salular da ke kewaye da shi, iyakar 'yan kilomitoci. Alamar da kake gani a fuskar salularka tana gaya maka ne kawai cewa kai da ƙarfen kuna jin juna. Ba ta gaya maka ko ƙarfen yana jin na gaba da shi ba. Maganarka kuwa, kafin ta kai kunnen wanda ka kira, sai ta bar wannan ƙarfe ta yi tafiya zuwa cibiyar kamfani, a can ne ake gane lambar da kake nema, a juya ta zuwa ƙarfen da ke kusa da shi. Wannan tafiya tsakanin ƙarfe da cibiya ita muke kira burtalin magana, kuma iri uku ce.

Ta farko ita ce wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda ma'aikata suke kira fibur. Zare ne na gilashi, siririnsa kamar gashin kai, haske ne ke gudu a cikinsa ɗauke da magana. Babu hanyar da ta kai ta faɗi, amma haƙa mata rami na ɗaruruwan kilomitoci kuɗi ne masu yawa, kuma katafila ɗaya ta masu aikin hanya ko zaizayar ruwan damina ta isa ta tsinke ta.

Ta biyu ita ce ta farantan nan masu kama da ganga da kuke gani a maƙale a wuyan ƙarfe. Kowane faranti yana kallon ɗan'uwansa da ke wani ƙarfe a nesa, sau da yawa tafiyar kilomita 20 zuwa 50, yana harba masa magana ta iska. Dole su riƙa ganin juna ido da ido, shi ya sa ake ɗaga ƙarafan sama sosai. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana abin da suke harbawa, iskar hadari tana iya karkatar da faranti ya daina kallon abokinsa. Babban aibinta kuwa shi ne jerin gwano take yi: na ɗaya ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. In injin ƙarfe na uku ya tsaya saboda gazuwal ya ƙare, ko an sace batir, to duk ƙarafan da ke bayansa sun kurumce, ko da nasu injinan suna ruri. Kamar dai ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya ɗaya, in na tsakiya ya durƙusa na baya ba su da ta yi.

Ta uku ita ce ta tauraron ɗan'adam. Tana kai wa inda babu hanya sam, amma a da tsadarta ta sa kamfani ba ya sayen sai ɗan ƙaramin rabo. Tsofaffin taurarin suna nesa da ƙasa kimanin kilomita 36,000, shi ya sa in kana magana ta cikinsu sai ka ji muryar abokinka tana makara, kuna ta cin karo da juna.

RANAR KASUWA DA LOKACIN ƘAURA

Wannan bayani shi ya warware mana abin da ke faruwa ranar kasuwa. Kamfani yakan auna faɗin hanyar ne da yawan mutanen gari. Garin da ke da 'yan gidaje, sai a ba shi 'yar siririyar hanya daidai da shi. Amma ranar da kara ta ci, mutanen da suka sauka daga rugage da ferik-ferik, da fataken da suka zo daga Njamena, Kamaru da Nijeriya, sun ninka mutanen garin. Kowa da salularsa, kowa yana son ya ji farashin Maiduguri kafin ya sallama. Ga shi yanzu ciniki ya koma na hoto: dillali zai ɗauki bidiyon bijimi yana zagaya shi, ya aika wa uban kuɗi ta WhatsApp. Bidiyo ɗaya kuwa nauyinsa a kan hanya ya fi na maganar baka mai tsawo nesa ba kusa ba. Sai ka ga an tara garke dubu a bakin burtalin da ba ya ɗaukar shanu biyu a jere. Ranar da muka fi bukatar rezo ita ce ranar da ya fi mutuwa.

Haka kuma maganar ƙaura. Da damina dukiya tana arewa, a Kanem, Bahar el Gazal da Bata. Da rani ta gangara kudu, wajen tafkin Fitiri, Salamat, tafkin Iro da bakin Shari. Mu muna tafiya, ƙarfe yana tsaye. Mai zana taswirar kamfani yana zaune a ofis yana ƙirga rufin kwano, ba ya ganin bukkar da za a kwance gobe. A lissafinsa mashekarinmu fili ne wanda ba kowa. Alhali ƙidayar dabbobi da gwamnati ta kammala a 2015 ta nuna ƙasar nan tana da dabbobi kusan miliyan 94, cikinsu shanu sun kusa miliyan 25, raƙuma sun haura miliyan 6. Bayan man fetur, dabbobi suna sahun gaba cikin abin da Cadi take sayarwa waje. Wannan dukiya ba a cikin unguwannin birni take kwana ba.

ƘASA MAI ƘOFA BIYU

Abin da ke damun ƙarfen ƙauye shi ke damun ƙasar baki ɗaya. Cadi ba ta da teku, manyan wayoyin intanet na duniya kuwa a ƙarƙashin teku suke. Kiran da ka yi daga Milezi zuwa Masakori a cikin gida yake ƙarewa. Amma saƙon WhatsApp, ko da maƙwabcinka na jikin katanga ka aika wa, sai ya fita ƙasar ya je ya dawo. Ƙofofin fitar kuwa ba su da yawa. Akwai ta Kamaru, wadda wani sashenta ya bi bututun mai na Doba zuwa Kiribi, mai tsawon kilomita 1,070, da aka buɗe a 2003. Akwai ta Sudan, wadda ta tashi daga Njamena ta bi Abeshe zuwa Adre, aka ƙaddamar da ita a 2019. Da aka sami ta biyun an yi murna, an ce in ɗaya ta toshe a bi ɗaya. Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023. A watan Oktoba na 2024, muna tsakiyar fama da ambaliya, kogin Shari yana barazana ga unguwanninmu, wayar Kamaru ta yanke, ta Sudan ba ta iya ɗaukar nauyin ba, intanet ya ɗauke a ƙasar nan kusan kwana da yini. Ko teku ma ba ta tsira ba, domin a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu sun lalace a ƙarƙashin ruwa daura da Kwaddibuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga duhu.

Mu fatake mun san ɗacin ƙofa ɗaya. Shekara da shekaru hanyarmu ita ce gadar Ngeli zuwa Kuseri, daga nan Fotokol, Gamboru, sai Kasuwar Shanu ta Maiduguri. Da rikicin Boko Haram ya rufe ta a 2014, farashin saniya ya faɗi warwas a hannunmu, masu ƙarfin hali suka riƙa zagaye ta kudu ko ta bayan tafki ta Nijar, shanu suna isa a rame. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa kowace waya take son hanya ta biyu.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Kada wani ya ɗauka maganar hira da kallon bidiyo muke yi. Makiyayin da bai ji farashi ba, abin da dillali ya faɗa masa shi ne farashi, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Falken da ya dogara zai karɓi kuɗinsa ta salula, in rezo ya mutu, dole ya ɗaura daminan sefa a ƙugu ya bi hanyar da 'yan tare hanya, zargina, suke jira. Ciwon huhu ko ɓoru in ya shiga garke, kwana biyun da aka yi ana neman likitan dabbobi sun isa a kai ciwon mashaya ta gaba. Ɓarawon shanu da ya kora da dare, in an sami waya kafin asuba ana iya tare shi a mashigi, in ba a samu ba sai labari. Haka rigimar gona: sau nawa aka kashe wuta tun tana ƙarama saboda ardo ya sami mai gari a waya kafin matasa su ɗauki makami? Sau nawa kuma aka yi asarar rai saboda kiran bai shiga ba? Wani ɗan'uwanmu ya ba mu labarin yadda naƙuda ta zo wa iyalinsa da gardama a ruga, ya hau babur ya je gindin ƙarfe don ya kira mota, ya tarar ƙarfen yana tsaye fitilarsa tana ci, amma babu magana. Allah Ya kiyaye, an sauka lafiya, amma ba dabararsa ba ce.

UZURIN KAMFANONI

Adalci ne mu faɗi abin da masu waya suke cewa, domin ba duka ne ƙarya ba. Ƙasar nan faɗinta murabba'in kilomita 1,284,000, mutane a warwatse. Ƙarfen daji ba ya samun wutar gwamnati, sai an yi dakon gazuwal a mota, da damina kuma hanya ta yanke. Ana sace batura da farantan hasken rana. Kuɗin da ƙarfe ɗaya na tsakiyar Njamena yake kawowa, goma na daji ba su kawo shi. Kamfani ɗan kasuwa ne kamarmu, ba wanda zai kai shanu kasuwar da ba mai saye. Tun daga Celtel da ya fara aiki a 2000, wanda ya zama Zain sa'an nan Airtel a 2010, da Tigo da ya zo a 2005 ya koma Moov Africa a 2021, kowa inda jama'a suka taru ya fara nufa, mu ma da mu ne haka za mu yi.

Amma saboda wannan dalili ne aka kafa hukuma. Dokokin sadarwa na 2014 sun ɗora wa ARCEP sa ido kan ingancin aikin kamfanoni, sun kafa ADETIC, kuma akwai asusun da kamfanoni suke zuba wani kaso na cinikinsu domin a kai waya inda riba ba ta kai. Wannan kuɗi daga aljihun mai sayen kati ya fito, mu kuwa masu sayen kati ne, bayan harajin kara da kuɗin fito da muke biya a kan kowane kai. Don haka abin da muke nema haƙƙi ne, ba bara ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Na farko, duk inda wayar gilashi ta ratsa ƙasar kiwo, a buɗe mata baki. Akwai aikin wayar ƙetare Sahara wanda Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗinsa a 2016, Tarayyar Turai ta sa hannu, wanda aka zana masa hanya daga Masaget ta Masakori, Mao, Rig-Rig zuwa Dabuwa a iyakar Nijar, sama da kilomita 500. Wannan ita ce ƙofa ta uku ga ƙasa, kuma tsakiyar ƙasarmu ta bi. Amma waya tana iya wucewa ƙarƙashin ƙafarka ba ta amfane ka ba, kamar bututun ruwa da ya ratsa ruga ba a sa masa famfo ba. Muna so a sa wurin jonawa a kowace babbar kara da kowace babbar mashaya da ke kan layin.

Na biyu, a daina jerin gwano mai kai ɗaya. Manyan kasuwannin dabbobi kamar Masakori, Musoro, Durbali da Ati su sami hanya biyu, ta yadda in ta gabas ta yanke magana ta biyo ta yamma. Kuma a auna faɗin hanyar da ranar kasuwa, ba da ranar da gari yake barci ba.

Na uku, kamfanoni su yi tarayya a daji. Ba ma'ana a kafa ƙarfe biyu kafaɗa da kafaɗa a gari ɗaya, alhali tafiyar kwana uku babu ko ɗaya. Rijiya ɗaya takan shayar da garken mutum goma in an tsara layi. A yi ƙarfe ɗaya da hanya ɗaya, kowane kati ya sha a ciki.

Na huɗu, a mayar da ƙarafan daji kan hasken rana, wanda Allah Ya hore mana ba da awo ba, a kuma yi amfani da sababbin taurari masu yawo kusa da ƙasa, kimanin kilomita 550, irin na Starlink da aka ba izini a Cadi a watan Nuwamba na 2024 ya fara aiki a 2025. Suna iya zama burtali ga ƙarfen da waya ba za ta kai gare shi nan kusa ba, ko hanyar ko-ta-kwana ranar da ta ƙasa ta yanke. Sai dai kada a ce tunda ga su an huta da haƙa rami. Hanyar da makullinta yake hannun baƙo a wata nahiya, haya ce.

Na biyar, a riƙa shawara da mu kafin a zana taswira, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Ardo da shugaban kara sun san ranar kowace kasuwa, sun san watan da dukiya take sauka kowace mashaya. Kuma hukuma ta riƙa bayyana wa jama'a yawan kwanakin da rezo ya mutu a kowane yanki, ba a birni kaɗai ba.

Na shida, kada hukuma da kanta ta riƙa toshe burtalin. Mun ga yadda aka rufe waya a Borno, Yobe da Adamawa a 2013, da Zamfara a 2021, mun kuma ga watanni 16 da aka yi daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 ba a shiga WhatsApp da Facebook a ƙasar nan sai ta ɓarauniyar hanya. Mun san nauyin tsaro, mu ne ma muka fi kowa shan wuyar 'yan bindiga. Amma in za a yi, a faɗi iyaka da wa'adi, domin mai laifi yana da dabararsa, talaka ne ke zama kurma.

NAMU NAUYIN

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ma akwai abin da ke kanmu. Batirin da aka kawo maka ruga da araha don cajin salula, ka tambayi inda ya fito, wataƙila shi ne ya kashe rezon kasuwar da za ka kai shanunka jibi. Mu faɗa wa yaranmu cewa wayar da aka binne babu jan ƙarfe a cikinta, gilashi ne wanda ɗan gwangwan ba zai saya ko dala ba, haƙo ta asara ce ga kowa. Turakun siminti da aka kafa a gefen hanya alamarta ce, kada a tumɓuke su a yi murhu ko turken jaki. In za a haƙa tafki ko rijiya kusa da su a tambaya. In mun ga ruwa ya tone waya, ko wutar daji ta doshi ƙarfe, mu gaya wa mai gari da wuri, domin sau da yawa mu ne kaɗai muke bin wurin. A Nijeriya an sa kayan sadarwa cikin jerin kadarorin ƙasa masu kariya ta musamman a 2024. Mu a nan kada mu jira doka, mu tsare su kamar yadda muke tsare rijiya.

A watan Mayu na 2013 ministoci da masana suka taru a wannan birni namu suka fitar da Sanarwar Njamena, inda suka yarda cewa kiwo ginshiƙi ne na zaman lafiya da arzikin Sahel. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe shekarar 2026 ga makiyaya da wuraren kiwo. Za a yi jawabai, za a ɗauki hotuna da mu cikin rawani. Muna roƙon shugabannin rassanmu, duk taron da aka gayyace su, bayan maganar labi da mashaya da allurar rigakafi, su ƙara da wannan. In an ce za a kafa muku ƙarfe, ku yi godiya, sa'an nan ku tambaya: ta wace hanya zai kai magana, mutum nawa take ɗauka ranar kasuwa, in ta yanke kuma ina ta biyu?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiyarmu daga ciwo da ɓarayi, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma, Ya kuma ba shugabanninmu kunnen jin kukan na daji. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.